Waya a Hannu, Sitiyari a Hannu: Tambayoyi da Amsoshi kan Hana Rubuta Saƙo Ana Tuƙi

Duk wanda ya saba hawa titi ya san motar nan. Tana gabanka tana tafiyarta daidai, sai ka ga ta fara rage gudu ba gaira ba dalili, ta karkata kamar za ta taka layi, sai kuma a fizgo ta da ƙarfi ta dawo. In ka samu ka wuce ta ka leƙa, kan direban a sunkuye yake, da dare ma har hasken wayar za ka gani a fuskarsa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi duk sanda maganar hana latsa waya a kan tuƙi ta taso. Wasu daga masu neman sani suke fitowa, wasu daga masu neman mafaka.

Me ake nufi da shagala a tuƙi?

Duk abin da ya raba direba da aikin da ke gabansa. Masana kiyaye haɗurra sun kasa shi uku: wanda ke ɗauke ido daga titi, wanda ke ɗauke hannu daga sitiyari, da wanda ke ɗauke hankali daga tuƙin. Kallon allon talla a gefen hanya na ido ne. Laluben abin da ya faɗa ƙarƙashin kujera na hannu ne. Tunanin bashin da ake bin ka na hankali ne. Abin da ya sa aka ware rubuta saƙo aka sa masa ido shi ne ya haɗa ukun a lokaci guda. Ido na kan haruffa, yatsa na kan allo, zuciya kuma tana can tana tsara abin da za a ce da yadda wancan zai ɗauke shi.

Sakan biyu ko uku ne fa. Me zai faru a ɗan wannan lokacin?

Kai lokaci kake aunawa, mota kuwa ƙasa take ci. Mai gudun kilomita 100 a awa tana shafe kusan mita 28 a kowane sakan guda. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa karanta saƙo ko tura shi kan ɗauke ido daga titi na kimanin sakan 5. Ka lissafa, mita 139 ke nan, ya zarce tsawon filin ƙwallo, wanda galibi mita 105 ne. Da za a ce wa direba ya rufe ido ya tuƙa daga wannan raga zuwa waccan, sai ya ce ba a son sa da rai. Amma abin da yake yi ke nan, bambancin kawai idon a buɗe yake, yana kallon wani wuri.

A cikin gari ma ba a tsira ba. A gudun kilomita 50, mota na cin mita 14 a sakan. Sakan biyu, mita 28, tsawon ƙananan motoci shida a jere. A cikin wannan tazarar ce yaro zai fito daga bayan motar da aka faka, ko na gabanka ya taka birki.

Kuma ɗago kai ba shi ne ƙarshen lissafin ba. In ido ya dawo titi, sai ƙwaƙwalwa ta fahimci abin da ya canja, ta yanke shawara, sannan ƙafa ta bar totur ta nemi birki. Duk wannan motar na tafiya. A 2008 cibiyar binciken sufuri ta Birtaniya, TRL, ta gwada matasan direbobi a na'urar kwaikwayon tuƙi, ta tarar rubuta saƙo ya rage musu saurin kai ɗauki da kashi 35 cikin 100. Barasa daidai iyakar da dokar ƙasar ta yarda da ita kashi 12 ta rage, tabar wiwi kashi 21. Birkin kansa yana da nasa hukuncin: in gudu ya ninka biyu, tazarar da mota ke buƙata ta tsaya tana ninkawa huɗu.

Akwai hujja a kan wannan, ko tsoratarwa ce kawai?

Akwai, kuma ba ta jiya ba ce. Tun 1997 wasu masu bincike biyu a Toronto ta Kanada suka ɗauki direbobi 699 da suka yi haɗari, suka gwama lokacin haɗarin da bayanan kiran da ke cikin takardun kamfanin waya. Sun tarar yiwuwar haɗari tana ninkawa kusan huɗu a lokacin da mutum ke kan waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma wannan adadin take bayarwa. Lokacin kuwa galibi kira kawai ake yi da waya.

A 2009 cibiyar sufuri ta jami'ar Virginia Tech ta fitar da sakamakon kyamarorin da ta dasa a cikin manyan motoci suna ɗaukar direbobi a kan aikinsu na yau da kullum. Mai rubuta saƙo ya fi wanda ba ya yi fuskantar haɗari ko tsallake rijiya da baya har sau 23. Ana yawan yawo da wannan adadin, don haka a riƙe shi yadda yake: a kan direbobin manyan motoci aka auna, kuma an haɗa har da haɗarin da aka auna arziki bai auku ba. Duk da haka, ko rabinsa aka ɗauka ya isa.

Ta fuskar rayuka, NHTSA ta ƙirga mutum 3,308 da suka mutu a Amurka a 2022 a haɗurran da shagala ke da hannu a ciki, sai 3,275 a 2023. Wannan kowace irin shagala ce, ba waya kaɗai ba. Kuma masu ƙirgar da kansu sun yarda adadin bai kai na gaskiya ba. Barasa ana gwada ta a jini ko a numfashi. Shagala ba ta barin alama a jiki. Wanda ya rayu da wuya ya ce waya yake dannawa, wanda ya mutu kuma ba a jin ta bakinsa.

Na shekara goma ina yi, ban taɓa ko da gogar mota ba. Ba ƙwarewa ba ce wannan?

Ba ita ba ce. Yawancin lokaci titi ba ya tambayarka komai. Na gaba bai taka birki ba, babu wanda ya tsallako, kwanar ba ta zo ba tukuna. Ka yi saƙo dubu a irin waɗannan lokutan ka sha lafiya, sai zuciya ta rubuta maka cewa kai ka iya. Alhali wasu ne suka iya maka: wanda ya kauce, wanda ya danna hon, wanda ya haƙura ya ba ka hanya yana tsaki. Su sun ga kuskurenka, kai ba ka gani ba, don a lokacin ba ka wurin.

Nan ne mugun abin yake. Mai maye wani sa'in yakan ji kansa na juyawa. Mai shagala ba ya jin komai, domin abin da bai gani ba bai san bai gani ba. Masu bincike a jami'ar Utah, ƙarƙashin David Strayer, sun shafe shekaru a kan wannan. Sun nuna cewa direban da ke kan waya yakan kalli abu da idonsa, daga baya ya kasa tuna ya gan shi. A wani gwajinsu, kashi 2.5 cikin 100 kacal ne suka iya haɗa tuƙi da wani aikin tunani ba tare da ɗayan ya lalace ba. A wani kuma suka tarar waɗanda suka fi bugun ƙirjin iya haɗa ayyuka biyu su ne suka fi kasawa. Bahaushe ya riga su, ya ce taura biyu ba ta taunuwa.

Ƙwarewa ba ta ceci direban jirgin ƙasa na Chatsworth ba. Ranar 12 ga Satumba 2008, a wannan unguwa ta Los Angeles, jirgin fasinja ya wuce jar danja ya yi taho-mu-gama da jirgin kaya, mutum 25 suka mutu. Bincike ya nuna direban ya tura saƙo sakan 22 kafin karon. Jirgi ke nan, mai layinsa guda, babu sitiyari, babu mai tsallakawa.

Ai in ajali ya zo, da waya da babu waya sai an tafi.

Haka ne, amma mai faɗin haka yana kulle ƙofarsa da dare, yana duba tayarsa kafin doguwar tafiya. An ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Kuma ba ranka kaɗai ke kan titin ba.

To in na sa abin kunne ko na buɗe lasifika fa? Hannuna biyu na kan sitiyari.

Ya fi riƙe waya, tunda ido da hannu sun dawo. Sai dai na ukun, wato hankali, yana can. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waya mara riƙo ba ta fi ta hannu aminci da wani abin kirki ba. Dokokin ƙasashe da dama sun halatta ta, amma halaccin doka daban, aminci daban. An bar ta ne galibi don ɗan sanda ba shi da yadda zai gane mai magana a lasifika daga mai rera waƙa shi kaɗai. Faransa dai ta hana sanya abin kunne ana tuƙi tun 2015.

Mutane kan ce, to ai ana hira da fasinja, me ya bambanta? Tambaya ce mai kyau. Fasinja yana ganin abin da kake gani. In kun doshi mahaɗa mai cunkoso zai yi shiru da kansa, in ya hango tirela na shigowa zai ce maka ka kula. Wanda ke ɗaya ɓangaren waya bai san kana ƙoƙarin wuce babbar mota ba. In ka yi shiru sakan uku sai ka ji "Hello, kana ji na?", kai kuma kunya ta sa ka amsa. Ka lura da kanka wata rana: in kana neman wani gida a unguwar da ba ka sani ba, hannunka da kansa yake rage rediyo. Ba kunne ke karanta lambar gida ba, amma ƙwaƙwalwa ta san ba za ta iya ɗaukar biyun ba.

In danja ta tsayar da ni, ko cunkoso ya riƙe ni, ba zan iya dubawa ba?

A Birtaniya da wasu ƙasashe laifi ne, muddin ba fakawa ka yi a wurin da ya dace ba. Dalilin ba ya wuce biyu. Na ɗaya, saƙo ba ya ƙarewa daidai da sakin danja, sai ka taka totur kana ƙarasa kalmar ƙarshe, a mahaɗa, inda masu tafiya a ƙasa da masu babur suka fi yawa. Na biyu, hankali ba ya dawowa nan take. Wani bincike da gidauniyar AAA, ƙungiyar masu motoci ta Amurka, ta ɗauki nauyi a 2015 ya gano cewa bayan direba ya gama ba wa waya ko mota umarni da murya, shagalar kan bi shi har zuwa sakan 27. Wannan kuma amsa ce ga masu cewa su da baki suke rubuta saƙo. Banda ma, wa ya taɓa tura irin wannan saƙon bai leƙa ya ga abin da wayar ta rubuta ba?

Su wa suka hana, kuma tun yaushe?

Japan ta hana riƙe waya ana tuƙi a 1999, ta tsananta hukuncin a 2019. A Amurka kowace jiha da dokarta. New York ce ta fara hana riƙe waya a 2001, Washington ta fara yin dokar hana rubuta saƙo a 2007, Kalifoniya ta sa hannu a kan tata makonni biyu bayan haɗarin Chatsworth. A 2009 Shugaba Barack Obama ya hana ma'aikatan gwamnatin tarayya rubuta saƙo suna tuƙa motocin gwamnati, a 2010 aka hana direbobin manyan motoci da bas-bas na haya. Zuwa 2024 jihohi 49 sun hana kowane direba rubuta saƙo, Montana kaɗai ta rage.

Birtaniya ta hana tun Disamba 2003. Daga Maris 2017 hukuncin ya koma tarar fam 200 da makin laifi 6 a kan lasisi, kuma wanda bai cika shekara biyu da samun lasisi ba, maki 6 ɗin sun isa a soke masa shi. A Faransa tarar Yuro 135 ce da cire maki 3 daga makin da lasisi ke zuwa da su.

Labarin Birtaniya yana da darasi ga masu rubuta doka. Dokarsu ta farko sadarwa ta hana, wato kira da saƙo. A 2019 wani da aka kama yana ɗaukar bidiyon haɗari da wayarsa yana tuƙi ya yi nasara a kotu, don ɗaukar bidiyo ba sadarwa ba ce. Sai a Maris 2022 aka toshe ƙofar: hoto, wasa, neman waƙa, kusan kowane irin amfani da waya a hannu ya zama laifi. An bar kiran gaggawa in tsayawa ba za ta yiwu ba.

Dokar tana rage haɗari kuwa?

A nan sai a faɗi gaskiya, amsar ba ta miƙe ɗoɗar ba. A 2010 cibiyar HLDI, wadda kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyi, ta duba jihohi huɗu da suka hana rubuta saƙo: Kalifoniya, Louisiana, Minnesota da Washington. Ba ta ga raguwar neman diyyar haɗari ba, a uku daga ciki ma ɗan ƙaruwa ta gani. Abin da suka yi zato shi ne direbobi ba su daina ba, sauke wayar kawai suka yi zuwa cinya don kada a gani. Da can waya na saman sitiyari, gefen ido na ɗan ganin titi. Yanzu kai gaba ɗaya ya sunkuya.

Binciken da ya biyo baya ya nuna raguwar mace-mace a inda doka ta ba ɗan sanda ikon tsayar da direba saboda wayar kaɗai, saɓanin inda sai ya yi wani laifin tukuna a haɗa masa da na waya. A ganina abin da wannan ke nunawa a fili yake. Dokar da ta ce "rubuta saƙo" kawai gurguwa ce, don duk wanda aka tsayar zai ce lamba yake nema ko taswira yake dubawa, kuma ba mai iya ƙaryata shi. Wadda ta ce kada a riƙe waya ko kaɗan ita ce ake iya aiwatarwa. Sannan girman tara bai kai tabbacin kamu tasiri ba. Mutum ba ya tsoron tarar da ya san ba za ta same shi ba.

Ta yaya ake kama masu yi?

Da ido, daga babur ko daga mota mai tsayi inda ake hango cinyar direba. Yanzu kuma da kyamara. Jihar New South Wales ta Ostireliya ta fara amfani da kyamarorin gano waya a Disamba 2019. Ana ɗora su sama, suna ɗaukar cikin mota ta gilashin gaba dare da rana, kwamfuta ta tace hotunan, mutum ya tabbatar kafin a aika takardar tara. Holan ma tana da irinsu. In haɗari ya yi muni, masu bincike kan nemi bayanan wayar ta hanyar kotu, kuma kowane saƙo yana ɗauke da lokacinsa.

Motata ce, wayata ce. Ina ruwan hukuma?

Titin ba naka ba ne. Wanda ya ƙi ɗaura bel, kansa ya fi cuta. Mai danna waya kuwa, mai tsallaka titi da na cikin motar gaba ba su aka tambaya ba.

Taswira fa? Da ita nake gane hanya.

A saita ta kafin a tayar da mota, a maƙala wayar a mariƙinta inda ba ta tare gani, a bar murya ta yi jagora. In hanya ta rikice, a samu wuri a tsaya a gyara. Ɓatan minti biyar ba komai ba ne.

Waya kaɗai ce matsalar?

Ina! Ci da sha, kwalliya a madubi, juyawa a raba faɗan yara a kujerar baya, rage gudu don kallon haɗarin da wasu suka yi, duk shagala ce, kuma sun girmi waya. Bambancin shi ne kofin da ke hannunka ba ya kiran ka. Waya kuwa don ta ja hankali aka ƙera ta, ƙara da girgiza da ɗan hasken nan duk aikinsu ke nan. Wani abin takaici, masu ƙera motoci sun kwashe maɓallan da hannu ke laluba ba tare da ido ba, sun zuba su cikin allon da sai an kalla. Har rage sanyin mota ya zama sai ka ɗauke ido daga titi.

Me ya sa aka fi matsa wa matasa?

Sabon direba bai riga ya mayar da tuƙi jiki ba. Canja giya, duba madubi, auna tazara, kowanne sai ya yi tunaninsa, don haka ba shi da rarar hankalin da zai ba waya. Ga shi kuma shi ya fi shaƙuwa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya, wanda ke kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Shi ya sa jihohin Amurka da yawa suka hana sabbin direbobi waya kwata-kwata, har mara riƙon. Sai dai uban da ke tura saƙo ɗansa na kujerar baya yana kallo, ya riga ya gama koyar da shi tun kafin ya kai shekarun lasisi.

Masu babur da keke fa?

Nasu ya fi muni, don hannu ɗaya ba ya riƙe babur in taya ta faɗa rami, kuma jikinsu ne bodin. Holan, ƙasar kekuna, ta hana riƙe waya a kan keke tun Yuli 2019.

Sana'ata a kan waya take. In ban amsa ba ciniki ya wuce ni.

Wannan uzurin ya fi sauran nauyi, kuma ba direba kaɗai ya kamata a ɗora wa ba. Mai kai kaya ko mai motar haya da manhaja ke ba shi 'yan sakan ya karɓi aiki ko ya rasa, an saka shi a tsaka mai wuya. Haka ma'aikacin da maigidansa ke kira yana faɗa don bai ɗaga ba. Kamfanin da ke son direbobinsa su bar waya sai ya daina hukunta su a kan jinkirin amsa. Mai turawa ma yana da nasa kason. A 2013 wata kotun ɗaukaka ƙara a jihar New Jersey ta ce wanda ya tura saƙo alhali ya san wanda ya tura wa yana tuƙi kuma zai karanta nan take, ana iya ɗora masa alhaki. Ko babu kotu, in ka kira mutum ka ji ƙarar hanya, ka ce "Kana tuƙi ne? Kira ni in ka tsaya," ka kashe.

Na yarda, amma hannuna da kansa yake kai wa. Yaya zan yi?

Kada ka dogara da ƙarfin zuciya, ƙarar saƙo ta fi ta. Ka raba kanka da wayar tun kafin ka kunna mota: cikin jaka a kujerar baya, ko a but in abin ya yi tsanani. Wayoyin iPhone tun 2017 suna da tsarin da ke toshe sanarwa in ana tuƙi, har ya amsa wa mai saƙo cewa kana hanya, na Android ma suna da makamancinsa. In akwai wanda ke jiran ka, tura masa kafin ka tashi. In da fasinja, miƙa masa wayar ya zama sakatarenka. A doguwar tafiya ka sa wa kanka wuraren tsayawa, sanin cewa za ka duba nan da minti arba'in yana kwantar da ƙaiƙayin. Tsayawar ma a kauce daga titi sosai, ba a kan kwana ko bayan tudu ba.

Ni fasinja ne, direba na ta danna waya. Me zan ce ba tare da an yi rigima ba?

Kunya ce ke rufe bakin mutane a nan, musamman in direban ya girme ka ko alfarma ya yi maka. Na taɓa zama a gaban mota ina kallon babban yatsan wani yana yawo a kan allo, motar na cin layin tsakiya a hankali, ina ta shawara da zuciyata yadda zan faɗa ba tare da na ɓata masa ba. Hon ɗin wata babbar mota ne ya yi maganar a madadina. Muka yi shiru dukanmu har muka isa.

Abin da na ga yana aiki shi ne kada ka taɓa ƙwarewarsa, don nan ne zai tsaya kare kansa. Ka ba shi mafita: "Kawo in rubuta maka, faɗa min abin da zan ce." Ko ka ɗora abin a kanka: "Don Allah ka yi haƙuri, ni ne gabana ke faɗuwa." In motar haya ce, ka faɗa da murya yadda sauran fasinjoji za su ji, galibi akwai mutum uku da ke jiran wani ya fara. In ya ƙi, ka ce ya sauke ka a wuri na gaba mai aminci, ka riƙe lambar motar.